Gyambo a Ƙarƙashin Lalle

Shekaru sun tura, amma ranar da Hajiya Dije ta cire takalminta a gabana ba ta gushe daga zuciyata ba. Wata Talata ce cikin damina, lokacin da ya rage mini kaɗan in ajiye aiki. A zamanin nan ni ce babbar sista mai kula da ɗakin wanke ciwo a wani ƙaramin asibiti da ke Tarauni. Domin waɗanda ba su san tsarin aikinmu ba, ɗakin wanke ciwo shi ne inda ake kawo mai rauni, ko ƙuna, ko gyambo, a wanke, a ɗaure, a sa masa ranar dawowa. Sama da ni akwai metiron, wadda take shugabantar dukan ma'aikatan jinya. Akwai kuma likita, wanda yake rubuta magani, yake kuma yanke shawara idan ciwo ya fi ƙarfinmu.

Talata ita ce ranar masu ciwon suga. Ana auna musu jini, su ga likita, su karɓi magani. Ni kuwa na roƙi metiron ta ƙara mataki guda, ta kuma amince: kada mai suga ya fita daga asibitin sai ya biyo ta ɗakina ya cire takalmi. Dalili shi ne, ciwon suga idan ya daɗe a jiki yakan kashe jin da ke cikin ƙafa, ya kuma rage gudun jini zuwa can. Mutum zai taka ƙusa ya yini da ita bai sani ba, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa, ya ruɓe, har a kai ga yanke ƙafar. A makarantar mishan da aka horar da mu, ba a cewa an duba mara lafiya sai an gan shi daga kansa har tafin ƙafarsa. Mu kanmu ɗalibai, kowace safiya sai an jera mu an duba farcenmu da takalmanmu kafin mu shiga aji. Da wannan tarbiyya na tsufa. Na san ƙananan ma'aikata suna kirana Sista Cire-Takalmi a bayan idona, ban kuwa taɓa jin haushin sunan ba, domin ya dace da aikina.

Hajiya Dije baƙuwa ce a wurinmu ranar nan. Dattijuwa ce daga Gyaɗi-Gyaɗi, mijinta ya rasu da daɗewa, ta yi shekara da shekaru tana sayen maganin suga a kemis, sai jiri ya tilasta mata zuwa asibiti. Ta shigo ɗakina tsaf da ita, atamfa a goge, tana ƙanshin turare. Da na ce ta zauna ta cire takalmi, sai ta dube ni tana murmushi.

"Sista, ni fa suga ce ta kawo ni, ba gyaran takalmi ba."

Na ce mata a ɗakina suga daga ƙasa ake fara nemanta. Ta cire.

Ƙafafun sun sha ƙunshi irin na manyan mata, tafin duka an rine shi har gefen dunduniya, lalle kan lalle, ja ya nuna har ya koma baƙi. Aiki ne mai kyau, ba zan tauye wa mai shi haƙƙinta ba. Sai dai abin da muke nema a ƙafar mai suga shi ne canjin launi, wato ja, ko baƙi, ko fari mai nuna fata ta mutu, ga shi kuma lalle ya rufe wannan duka. Idan ido ya gaza, sai a koma ga hannu da hanci. Na sa safar hannu, na taɓa bayan ƙafar don jin bugun jini, na same shi da rauni amma yana nan. Na ɗauki siririn tsinken roba da muke gwada ji da shi, na ce ta rufe ido ta faɗa mini duk inda ta ji taɓi. Na bi yatsun, na bi tafin, tana ta jira in fara. Da na zo dunduniyar hagu sai na ji ta fi ta dama ɗumi, wani wari kuma ya taso wanda turare bai iya danne shi ba. Na danna a hankali, mugunya ta fito daga wani rami mai faɗin farcen babban yatsa. Duk wannan Hajiya tana ba ni labarin ruwan da aka yi ranar Lahadi, ko gezau ba ta yi ba.

Na tambaye ta yadda take kula da ƙafarta. Ta ce ai ita ba ta wasa da tsabta. Tana da mai ƙunshi, wata mata mai suna Tabawa daga Unguwar Gano, wadda take zuwa gida ta jiƙa mata ƙafa a ruwan ɗumi, ta kankare kaushi da reza, ta sa lalle, ta ɗaure da leda, su zauna har ya kama. Nan na ga hanyar ciwon a fili. Reza ta wuce kaushi ta shiga nama, mai ƙafar ba ta ji ba, aka shafe wurin da lalle, aka rufe da leda cikin zafi da gumi, aka kuma sake maimaitawa.

Na kira likita ya gani. Ya tura ta babban asibitin koyarwa a ɗauki hoton ƙafar, sakamako ya nuna ciwon bai kai ƙashi ba. Ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya gyara mata maganin suga, ya ce a riƙa wanke gyambon kullum. Bayani kuwa aikina ne, ban kuma saba yi wa mara lafiya kwana-kwana ba. Na faɗa mata cewa idan ciwon ya isa ƙashi, magana ta bar hannunmu ta koma hannun masu tiyata, kuma abin da za su yi shi ne su yanke. Na ce kada ta ɗora nauyi a kan dunduniyar, kada ta yi tafiya ba takalmi ko a tsakar ɗaki, kada bandeji ya jiƙe. Ta ce batun alwala ba damuwa, ta san hukuncin shafa a kan ɗauri. Daga ƙarshe na ce babu reza, babu lalle, kuma kada hannun Tabawa ya sake taɓa wannan ƙafa.

Ta ce, "To."

Kwanakin farko ta zo a kan lokaci. Ina wanke ramin da ruwan gishiri na asibiti, in cire mataccen nama da almakashi, in cika da auduga mai magani, in ɗaure. Warin ya ragu. Sai wata safiya ba ta zo ba, washegari ma haka, har mako ya kusa ƙarewa. Ƙa'idar aiki ita ce, idan mai ciwo irin wannan ya ɓace, a sanar da metiron, ita ce take ba da izinin bin sa gida. Na sanar, ta ba ni izini, ta ƙara da cewa in tafi da harshe mai laushi idan ina da shi. Da na tashi aiki da la'asar, na ɗauki jakar kayan wanke ciwo na hau adaidaita sahu zuwa Gyaɗi-Gyaɗi.

Gidan yana bayan layin shaguna, inda ƙarar janareto da ta masu walda ba ta yankewa. Babban gida ne da mijinta ya bari, an yanka shi ɗaki-ɗaki an zuba 'yan haya: 'yan kasuwa daga kudu da iyalansu, da ɗaliban jinya. Mutane ne masu mutunci, suna gaishe ta idan sun wuce, amma da sassafe suke fita, kowa da abin da ya dame shi. Na ratsa tsakar gida, ƙofofi duk a kulle, ruwan sama ya kwanta a tsakiya. A ɗakin ƙarshe na same ta zaune a kan tabarma, ta miƙe ƙafa, tana fuskantar ƙofa. Bandejin da ke ƙafarta shi ne wanda na ɗaura da hannuna, ya jiƙe ya bushe, ya yi dauɗa.

Ta yi mini maraba kamar wadda ta zo biki, ta nemi tashi ta kawo mini ruwa, na hana ta. Na kwance ɗaurin. Gyambon ya faɗaɗa, gefensa ya kumbura, warin ya dawo fiye da na farko. Na wanke shi, na sake ɗaurewa. Sai da na gama na tambaye ta abin da ya hana ta zuwa.

Ta ce daga ɗakinta zuwa bakin titi akwai tafiya, ni kuma na hana ta taka dunduniyar. Kwanakin farko Tabawa ce take zuwa ta riƙe ta har titi, ta tsayar mata da adaidaita. Sai ranar da Hajiya ta isar wa Tabawa da saƙona, kamar yadda na faɗa, ba ragi. Tabawa ta ɗauki mayafinta ta ce tun da an ce hannunta ne ya yi ɓarna, gara ta nisanci ƙafar da mai ƙafar, kada wani abu ya faru a ce ita ce. Tun ranar ba ta dawo ba.

Na ce ina 'ya'yanta. Ta ce namijin yana Legas, macen tana aure a Kaduna, suna kiran waya, suna aiko da duk abin da ta nema, ba ta da abin zargi a kansu. Na ce ya kamata su sani. Ta ce a'a, ba za a tayar wa yara da hankali a kan ɗan ciwon dunduniya ba, kuma ba ta yarda in kira su ba. Mai hankali ce, ciwon nata ne, ba ni da ikon tsallake maganarta. Na ce to, ko ba komai ai ta rabu da reza, wannan ma riba ce. A nan ne ta dube ni sosai.

"Sista, ke lalle kike gani. Ni kuwa ranar ƙunshi ita ce ranar da ake zama da ni. Mai kawo saƙo yana tsaye yake ajiyewa, mai gaisuwa daga bakin ƙofa yake juyawa. Mai ƙunshi kuwa ba ta tafiya sai lalle ya kama."

Na haɗa kayana, na ce zan dawo gobe. A hanyar komawa Darmanawa, inda nake zaune ni kaɗai tun bayan rasuwar maigidana, na yi ta juya maganar. Ba na bukatar wanda zai fassara mini yadda yini yake tsawo a gidan da babu mai shigowa. Amma tausayi ba ya warkar da gyambo. Abin da ke gabana shi ne, ga ƙafa tana hanyar zuwa hannun masu tiyata, mai ita ba ta iya sunkuyawa ta ga tafinta, idonta ma ya yi rauni, kuma a duk faɗin Kano mutum ɗaya ce take taɓa ƙafar nan, ita ce kuma wadda dokata ta kora.

Washegari na shaida wa metiron da likita halin da ake ciki. Likita ya canza magani, ya ce idan bai ga sauyi ba a zuwa na gaba, zai tura ta a kwantar da ita, kuma ba ya ba da tabbacin za ta fito da ƙafa biyu. Na tambaye shi ko akwai laifi a yi mata lalle a hannu, tun da hannun yana ji kuma babu rauni. Ya ce idan zallar ganye ne, ba a haɗa shi da abin da ake sawa don ya yi baƙi ba, bai ga laifi ba.

Da yamma na nemi gidan Tabawa a Unguwar Gano. Mace ce mai matsakaicin shekaru, ƙaƙƙarfa, tafin hannunta ya rine da aikin shekaru. Na same ta tana tankaɗen lalle. Da ta ga farin kayana ta gane ko ni wace ce, ta shimfiɗa mini tabarma ba tare da fara'a ba. Bayan gaisuwa ta riga ni magana, ta ce tun tana budurwa take kankare kaushi, ta yi wa amare, ta yi wa iyayensu, ba a taɓa yanke ƙafar kowa ba sai da masu farin kaya suka shigo cikin maganar.

Na ce, "Malama Tabawa, rezarki ce ta buɗe ciwon nan, wannan ba zan ɓoye miki ba, ba kuma zan janye ba. Amma ba ki san ƙafar ba ta ji ba, ita ma ba ta sani ba. Ba shari'a ta kawo ni ba. Idonki nake nema, da hannunki."

Ta ce wanne hannun, wanda aka ce kada ya sake taɓa ƙafar? Na ce shi, amma ba reza a cikinsa. Ta ci gaba da tankaɗe, ta bar ni zaune, har na ɗauka na yi zuwan banza. Can sai ta tambaya, ba ta ɗago kai ba, ko Hajiya tana cin abinci. Na ce ban ga alamar an hura wuta a ɗakin ba. Ta karkaɗe rariya, ta shiga ta ɗauko mayafi.

A gaban Hajiya na kwance ɗaurin, na sa Tabawa ta matso ta gani. Ta daɗe tana kallon ramin, ita da Hajiya kuma ba wadda ta tayar da zancen abin da ya wuce. Gyambon aikina ne, na ce kada ta taɓa shi. Nata aikin shi ne ɗaya ƙafar, da sauran wannan. Na nuna mata yadda za ta gwada ɗumin ruwa da gwiwar hannunta kafin ƙafa ta shiga, domin mai ƙafar ba za ta ji ƙuna ba. A wanke, ba a jiƙa a bari ba. A tsane da tawul mai laushi, musamman tsakanin yatsu, kuma haka za a yi bayan kowace alwala, domin damshi a wurin nan shi yake sa fata ta tsage. A shafa man kaɗanya a dunduniya da tafi saboda faso, amma kada a sa tsakanin yatsu. Farce a yanke shi a miƙe, ba a bin lungu. Takalmi a zazzage shi, a sa hannu a laluba ciki kafin a sa ƙafa. Sannan a duba tafin a wurin haske, duk abin da ta gani wanda babu shi jiya, ko ja, ko kumburi, ko ƙwarzane, ta zo ta faɗa mini ranar. Na sa ta maimaita a gabana, na gyara mata riƙon tawul har sai da ya yi daidai.

Tabawa ta ce wa Hajiya, "Kin gani ko, na zama sista da tsufana, saura farin kaya da ɗaure fuska."

Hajiya ta ce farin kaya dai a saya, ɗaure fuska kuwa sai an je makarantar mishan. Na bar su suka yi dariyarsu, domin tun da na san Hajiya ban ji ta yi dariya irin wannan ba.

Daga nan Tabawa ta riƙa kawo ta asibiti da safe, ranar da ruwa ya hana su kuma in bi su gida bayan na tashi. Ƙunshi ya koma hannu, kuma na lura ana yin sa fiye da yadda hannu yake bukata, na kau da kai. Likita ya duba a zuwa na gaba, ya ce kumburin ya sauka, a ci gaba. Ba a miƙe warakar ta tafi ba. Akwai makon da suga ta hau, ramin ya tsaya cik, na koma gida ina lissafin yadda zan faɗa mata maganar tiyata. Amma daga baya jan nama mai kyau ya fara tasowa daga ƙasan ramin, gefuna suka riƙa matsowa. Lallen da ke tafin ya koɗe a hankali, har muka ga ainihin fatar. Damina ta wuce, aka yi girbi, sannan gyambon ya rufe, ya bar tabo mai tauri a dunduniya.

Ranar da na cire bandeji na ƙarshe, Hajiya ta taka ƙasa da ƙafa biyu cikin takalmi mai taushi, ta je bakin ƙofa ta dawo. Ta yi godiya ga Allah, ta yi mini addu'a mai tsawo. Sannan ta zauna, ta tambaya a hankali ko yanzu za a iya ɗan zizara mata lalle a ƙafar, ko da a yatsu ne, ba reza, ba leda.

Na ce a'a. Na ce jin da ya tafi ba zai dawo ba, wurin da ya taɓa yin gyambo kuma shi ya fi saurin sakewa, dole fatar ta zauna a buɗe yadda ido zai ga abin da ke faruwa, har iyakar rayuwarta.

Ta dubi ƙafafun, ta ce, "Wato da farar ƙafa za a kai ni, kamar ta namiji."

Na ce, "Da ƙafa biyu dai, Hajiya."

Ta gyaɗa kai. Tabawa ta durƙusa ta sa mata takalmin, bayan ta zazzage shi, suka fita tare. Hajiya ta ci gaba da zuwa ranar Talata har na ajiye aiki, ban kuma sake ganin rauni a ƙafarta ba.

Ku da kuke kan aiki yanzu, ga abin da na ɗauka daga wannan. Doka ta gaskiya ba a sassauta ta don mara lafiya ya ji daɗi. Da na bar reza da lalle, da an yanke ƙafar nan. Amma kafin ku hana mutum wani abu, ku bincika aikin da abin yake yi masa a rayuwa, domin sau da yawa ba shi ne wanda kuke gani ba. Ku sani kuma cewa "to" a bakin dattijon ƙasar nan ladabi ne, ba alkawari ba ne. Idan kun gama bayanin wanki da tsanewa da yankan farce, ku ƙara tambaya ɗaya: wa zai duba? Tsofaffinmu da yawa suna da magani, suna da waya, suna da 'ya'ya masu albarka a garuruwa masu nisa, amma ba su da wanda zai durƙusa ya ɗaga musu ƙafa.

Ni ma yanzu bayana ba ya lanƙwasuwa kamar da. Kowace safiya, bayan na yi wanka, nakan ajiye madubi a ƙasa kusa da taga, in zauna a bakin gado, in ɗaga tafin dama in duba, in ɗaga na hagu in duba. Aikin yana yiwuwa da madubi, kuma ina yin sa yadda ya kamata. Sai dai madubi ba ya tambayar mutum ko ya ci abinci.